Zanen Kaka Jaratu

"Lahiya lau, sai gajiyar hanya. Ina tsufa, amarya?"

"Tsufa na gidanku. Wa ya bar ƙofa buɗe har mushe ya shigo mini?"

Munir ya jingina moto, wato babur ɗinsa, a jikin rumbu ya durƙusa. Malamin lakwal ne, makarantar boko, a Babankatami, irinsu kuwa mushe ake ce musu, tsohuwar kuma ba ta taɓa barin sunan ya wuce ba sai ta tuna masa da dabbar da ta mutu ba yanka. Kaka Jaratu ke nan, wadda ta haifi uwarsa, mai ce masa mijinta tun ranar sunansa.

Yau dai ba wasa ya kawo shi ba. Takarar depite yake yi, wato ɗan majalisa, gobe kuma ake rufe yaƙin neman zaɓe. Tun hantsi yake bin ƙauyen gida-gida, bai wuce zaure ko ɗaya ba. Rani ne, maza sun watse Abijan da Libiya, ƙuri'a tana hannun mata, baƙon namiji kuwa daga bayan danga ake amsa masa. Jaratu ungozoma ce, babu ɗakin da ƙafarta ba ta sani ba. Ga ta zaune bisa tabarma, ta ɗaura zanen abokin takararsa, fuskar Alhaji Haruna ɗauke da murmushi tun daga ƙugu har ƙafa. Abin ya yi wa Munir zafi, ya daure.

"Ashe da aurena kike yawo da wani ƙato a jiki?"

"Ƙato mai turmin atamfa. Kai mi ka kawo?"

"Hotona."

"Wanga? Na gan shi bisa bangon maƙwabciyata Mubaraka. Tun da anka liƙa shi kajinta sunka daina ƙwai."

"Kunya suke ji, sun ga kyakkyawa."

"Kyawo? Ni na wanke ka ran da anka haihe ka. Sai da na juya ka na duba inda kai yake."

"Idonki ne, tun lokacin ya tahi. Shi ya sa kika aure ni."

"Tausai ne. Wa za ya kwashi mai wuya awa na zalɓe?"

"Zalɓen ne za shi Yamai. In na ci, jirgi zan sa ki, a kai ki a dasa miki haƙora."

"A dasa ma uwar gidanka. Ni da dasashina nike cin ƙashi."

Munir ya gyara durƙuso. "To amarya, tashi ki raka ni gidajen nan. Ke ki shiga, ni in tsaya zaure."

"Au, mijin da bai iya shiga gida za ya shiga majalisa? Can ma daga zaure za ka tsaya kana sallama?"

"Can ba kulle."

"Mi zan ce musu? Ku dangwala ma mushe, ya hi warin alƙawali?"

"Ki ce musu gada."

Tsohuwa ta daina murza goron da ke hannunta. Ta dubi gabas, wajen ƙoramar da ke raba ƙauyen da hanyar Buza duk damina.

"Dut wanda ya zo nan gada yake cewa," ta ce a hankali. "Alhaji ma ya ce gada. Su sun hwaɗa na yi dariya. Kai kada ka hwaɗa mini da wasa."

Ya san abin da take gani. A bakin ƙoramar nan uwarsa Zaliha ta cika bisa amalanke, shi yana yaro, naƙudar ƙaninsa ta gardama, ruwa ya hana a kai ta likita. Kanta yana kan cinyar wannan tsohuwa.

"Kaka, ke kin riƙe kanta, ni na riƙe igiyar jakin. Ban ce da hannuna zan gina ba, ba ni da ko buhun siminti. Amma in na shiga wurin nan, sai sun gaji da jin sunan ƙoramarmu. Ko kin raka ni ko ba ki raka ni ba, sai na gama zaurukan garin nan kafin magariba."

Ya miƙe ya kama moto. Bai kai ga tura shi ba ta ce, "Dube shi. Zuciya awa ta uwarshi, ƙafafu awa na kara. Miƙo mini sandata."

Ta dafa shi ta tashi, gwiwoyinta suna ƙara. Ta karɓe hotunan takarar da ya zo da su duka ta soke a hammata.

"Da zanen Alhaji za ki yi mini yawon ƙuri'a? Ki canza mana."

"In canza? Kai dai boko ya cinye maka hankali." Ta juya masa baya. "Dubi inda na aje shi."

Munir ya duba. Babbar fuskar Alhaji daidai mazaunai ta faɗa, ta koɗe, hancin har ya soma yagewa.

"Tun ran da anka ba ni, bisa shi nike zaune. Matan garin ga dut sun gane, sai mushen lakwal."

Dariya ta ƙwace masa har ya saki moto, moton ya faɗi. "Na sallama, amarya. Kin ci."

Ta tura masa rabin goronta a tafin hannu, ta yi gaba da sandarta, shi yana biye. A ƙofar gidan farko ta tsaya, ta waiwayo, babu dariya a idonta.

"Zan shiga in ce musu ɗan Zaliha ne, kuma za su dangwala. Amma ka ji ni da kyau, maigida. In damina ta yi ta zuwa ba mu ji ƙoramar nan a bakinka ba, zan sa a buga zane da huskarka."

Ta ɗaga labulen zana da kan sanda.

"Ka dai ga inda nike aje mutane."