Hannuna Biyu a Ɗaure Ranar Bikin Dung

Ba zan taɓa mantawa da yadda na shiga zauren bikin abokina Dung ba, ko da ma na so, bidiyo ba zai bar ni ba.

Ni tela ne a unguwar Kwararafa, kuma ban iya rawa ba ko kaɗan. Amaryar, Kangyang, ta san haka, shi ya sa ta ce kada a sa ni cikin abokan ango da za su shigo bibbiyu suna taka kiɗa. Dung ya kafe. "Na tsaya masa," in ji shi. "In ya ɓata miki shiga, ki kama ni."

Ranar gwaji na farko abin ya yi muni. Kiɗa na gabas, ƙafata na yamma. (Ni da nake taka keken ɗinki tun safe har yamma ba kuskure!) Gwaggon ango, Mama Ladi, wadda ke koya mana takun, ta zuba mini ido ta ce, "Ɗana, me ya sa ka manne hannu a jiki kamar an tsare ka a ofishin 'yan sanda? Saki hannunka, ka manta da ƙafar."

Na saki. Ikon Allah! Hannun dama ya yi gaba, ƙafar hagu ta bi shi ba tare da na roƙe ta ba. Na ƙara wa hannu sauri, ƙafa ta ƙara. Abin ya ɗaure mini kai. Wa ya haɗa su? Satin nan kaf, in na je kasuwar Laranto sayen zare sai in tsaya ina kallon masu wucewa. Mai sauri yana wurga hannu sosai, mai riƙe da kaya a hannu biyu kuwa takunsa gajere ne. Na koma gwaji ina taƙama, har Kangyang ta ce, "Oga tela, ka yi ƙoƙari."

Ranar biki, muna bakin ƙofa, sai ga sabon tsari. Kowane namiji zai saƙala hannun hagu a na ƙawar amarya, ya riƙe sandar ado a ƙirji da na dama. Kuma ni aka sa a gaba.

Kiɗa ya tashi. Na aika wa ƙafata saƙo, shiru. Na ɗaga ta dama, na sake ɗaga ta dama. Na yi ƙoƙarin kaɗa hannun hagu a ɓoye, sai na fizgo baiwar Allahn nan da ke gefena har ta yi tangal-tangal, na kuma taka mata bakin riga. Na baya suka taru a kanmu. Mai gabatarwa ya ce a lasifika, "Jama'a, a taimaka, mota ta mutu a bakin hanya!"

Zauren ya fashe da dariya. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Na hango Kangyang daga ƙofa, ba ni take kallo ba, Dung take kallo, shi kuwa ya sami abin sha'awa a silin.

Har yau ina mamakin yadda hannu ke jan ƙafa, kuma na koyi cewa kafin in yarda aboki ya tsaya mini, sai na tambayi abin da za a ba ni in riƙe. Dung ya ce wata guda yana wanke-wanke a gidansa saboda ni. Da suka yi bikin haihuwar 'yarsu, Kangyang da kanta ta tarbe ni, ta kai ni har kujera, ta ce, "Kai aikinka tafi ne. A zaune."