Saura Wurin Mutum Biyar a Pentregarw

Idan ana lissafin manyan mutanen Pentregarw, da Malam Idwal Prydderch ake farawa, kuma yawanci shi ke fara lissafin. Ƙauyen namu gida sittin da uku ne, da coci ɗaya, da tumaki wajen dubu huɗu. A ɗan littafin tarihin da ya rubuta mana mai shafi arba'in, sunan danginsa ya fito sau casa'in da ɗaya. Shekara talatin ya yi yana koyarwa a firamare, da ya yi ritaya sai ya ci gaba da koyar da mu ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Manoma suna kiransa Uban Ƙasa, shi kuma ya ɗauka girmamawa ce.

Bara waccan aka auna maƙabartar coci, aka ga saura wurin mutum biyar. Bayanta dutse, gabanta titi, babu inda za a ƙara. Wanda bai samu ba sai a kai shi Llanfedwen, bayan tudu, garin da ba ma zuwa sai wasan ƙwallo ko faɗa. Waɗanda suka haura saba'in a ƙauyen kuwa su tara ne, har da Malam Idwal.

A taron kwamitin coci ya miƙe, ya saƙala babban yatsa a aljihun falmaran ɗinsa.

"Jama'a, ƙasar nan ta san 'ya'yanta. Shekara ɗari huɗu dangina suna kwance a cikinta, ba ta taɓa kuka da mu ba. Wanda aka haifa cikin iyakar Pentregarw shi kaɗai zai kwanta a nan. Baƙo ya koma inda aka yanke masa cibi."

Aka amince, domin lokacin tatsar shanu ya yi.

Wuri mafi kyau cikin biyar ɗin yana bakin ƙofa, inda duk mai wucewa zai karanta abin da aka rubuta a kan dutse. Yana kuma kusa da kabarin marigayi Trefor Gittins, kuma kowa ya san matarsa Menna, mai shekara saba'in da takwas, ta daɗe da sa rai a can za ta kwanta. An haife ta a wata gona a bakin rafi, ta ɓangarenmu, mu kuwa tun tasowarmu rafin muka sani iyaka.

Malam Idwal ya ce wannan jahilci ne. Ambaliyar 1887 ta karkatar da rafin daga hanyarsa, don haka ainihin iyaka ita ce duwatsun da magabata suka kafa. Ya sa ranar Asabar a fita a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mu ashirin muka fita cikin yayyafi da takalman roba. Yana gaba da sandar kakansa, da taswira a cikin leda. Dutse na farko ya gaskata shi: gidan su Menna yana waje da taku arba'in.

"Ki yi haƙuri, Menna," ya ce, yana kallon sama. "Ba ni na faɗa ba, kakanninmu ne suka faɗa. Tarihi ba ya sanin sabo."

"To, Malam," in ji ta. "Mu ƙarasa zagayen, tunda dai an riga an jiƙe."

A dutse na biyu ya yi mana jawabi na minti ashirin. A na uku muka sha shayi, aka ci kek ɗin kasko da Menna ta soyo, shi ya ci huɗu. Na huɗu ya ƙi ganuwa, har sai da Emrys makiyayi ya sa lauje ya share ƙaya a gindin wata katanga. Dutsen yana ƙofar wani kango da rufinsa ya rufta, gidan da aka haifi Malam Idwal. Shafi uku na littafinsa a kan gidan nan suke.

Emrys ya tsaya a kan dutsen, ya hango na biyar a kan tudu, ya miƙa hannu yana nuna layin iyakar. Yadda rafin ya ƙara mana ƙasa a can wajen su Menna, ashe a nan ma ya ƙara mana. Gidan gaba ɗaya yana ƙasar Llanfedwen.

"Ɗakin aladu dai namu ne, Malam," in ji Emrys. "In a ciki aka haife ka, faɗi a rubuta."

Malam Idwal ya ce dutse yana iya gangarowa. Aka nuna masa cewa in haka ne, wannan hawa ya yi.

A taro na gaba ya yi jawabin minti arba'in a kan 'yan'uwantaka, ya ce ya daɗe yana jin ƙyamar masu raba kan jama'a da zancen iyaka. Aka soke dokar. Menna ta kawo tata mai sauƙi: a bar mata gefen Trefor, sauran huɗun kuwa wanda ya riga tafiya shi ya samu. Hannu goma sha ɗaya ya tashi, aka amince.

Tun daga ranar babu mai kula da tsofaffi a kwarin nan kamar Malam Idwal. Da ya ji an yi tari, ga shi da miya a kwano da bargo a kafaɗa. Shi ke kai Emrys asibiti a motarsa, yana masa faɗa a kan taba. Duk da haka hunturun bara ya ɗauki biyu, bazara ta ɗauki ɗaya. Saura wuri guda.

Makon jiya ya je ganin likita da ɗan ciwon ƙirji, fuskarsa a sake. Likita ya duba shi sama da ƙasa, ya ce iska ce kawai ta taru masa a ciki, kuma da irin wannan zuciya zai kai shekara ɗari. Kwana uku bai yi wa kowa magana ba.