Lahadin da Na Naɗa Pastonmu Janar

Ba zan taɓa mantawa ba da Lahadin da na ɗora wa pastonmu taurarin janar a kafaɗa, a gaban soja na gaske. Ko yanzu in abin ya faɗo mini a rai sai in rufe fuska.

Lokacin sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba. An rufe gadar da ke tsakaninmu da Benin, mai son haye kogi sai dai kwale-kwale, wuta kuma sai ranar da ta ga dama. A Gaya kowa ya koyi tauna magana kafin ya fito da ita. Ko a teburin mai shayi, in hira ta gangaro kan masu kaki, sai ka ga an waiga hagu da dama, an koma zancen farashin shinkafa.

Ni ne mai ordinatar, wato kwamfuta, na 'yar majami'armu. Babu wanda ya naɗa ni, ni na cusa kaina. Ni ke zana afish, takardar sanarwar taro, ni ke haska baitocin waƙa a bango da majigi, ni ke yanka bidiyon baftisma. Son na'ura ya yi mini yawa. Matata Rahila takan ce da ordinatar na iya tuƙa tuwo da ban yi aure ba (ban taɓa musa mata ba, don ina tsoron a bincika).

A wannan damina na koyi wata sabuwar dabara: yanke kan mutum daga hoto a dasa shi a jikin wani. Da ni na fara, na mai da kaina ɗan kokawa mai ƙirji kamar ƙofar gari. Da hannu ya faɗa sai na shiga neman wanda zan gwada a kansa. Ina ta bincike na ci karo da hoton Pasto Iliya, ya ɗaga hannu yana sa albarka. Pasto Iliya dogo ne, ba ya wasa da lokaci, in ka makara zai dakata da wa'azi ya bi ka da ido har ka zauna. A hoton nan kuwa hannun ya tsaya daidai gefen goshi, sak mai sarawa. Shaiɗan bai sha wahala da ni ba. Na sa masa kaki, na ɗora jar hula, na manna taurari huɗu a kafaɗa, na jera masa lambobin yabo har ƙirjin ya cika. A ƙasa na rubuta da manyan baƙaƙe: JANAR ILIYA, SHUGABAN MAJALISAR ƘOLI TA CETON RAYUKA. Na yi dariya ni kaɗai har da hawaye, na adana shi cikin hotunan Pasto, na manta.

Kaka ta yi, aka sa ranar bikin godiya. Pasto ya gayyaci maƙwabtanmu Musulmi, mai unguwa da dattawansa, ya kuma aika wa hukuma. Aka ce wani kapitan ne zai wakilce su. Ana gobe biki Pasto ya kira ni.

"Ɗana, in na miƙe zan fara wa'azi, ka haska hotona da ayar ranar a ƙasa. Manyan baƙi za mu yi. Kada ka ba mu kunya."

Na ce, "Baba Pasto, ka kwantar da hankalinka. Wannan ai aikina ne."

(Ga inda matsalar take. Ni mutum ne da ba ya iya raɗa wa aiki suna. A cikin ordinatar ɗina akwai "Pasto", akwai "Pasto sabo", akwai "Pasto na ƙarshe", akwai kuma "Pasto na ƙarshe na gaskiya". Ko ni mai su sai na buɗe nake sanin wane ne wane.)

Ranar Lahadi majami'a ta cika har bakin taga. Gaban bagade ga damman gero, ga buhunan shinkafa, ga rake da 'yan'uwanmu na Bengou suka kawo, har da wani zakara da aka ɗaure wa ƙafa yana ta ƙorafi. Kapitan ya zauna a sahun gaba, hularsa a kan gwiwa, fuskar nan ba alamar ya taɓa jin labarin dariya. Tun da na gan shi na fara tsarguwa, alhali ban yi laifin komai ba tukuna.

Mata na cikin waƙa aka ɗauke wuta. Aka ruga aka tada gurup, injin wutarmu, ordinatar ɗina ya mutu ya sake tashi, duk abin da na jera ya watse. Kafin ya gama farfaɗowa mata sun kai ƙarshen waƙa, Pasto ya miƙe, ya buɗe Littafi, ya aiko mini da kallon nan nasa. Cikin gaggawa na nemi hoton. Na ga "Pasto na ƙarshe na gaskiya". Na ce ai gaskiya ba ta ba da kunya. Na danna.

Ban ɗaga kai ba da farko. Shirun da na ji ne ya sa na ɗaga. Ga Janar Iliya ya cika bango daga sama har ƙasa, yana sara wa jama'a, lambobinsa na walƙiya. A ƙarƙashinsa kuma ga Pasto Iliya na gaske, ya ba bangon baya, bai san an yi masa ƙarin girma ba. Ya ce, "Jama'ar Allah, yau ranar mamaki ce!" Wata tsohuwa a baya ta ce, "Ƙwarai kuwa."

Na danna maɓallin fita, ordinatar ya ƙame. Na sake dannawa, ko gezau. Na duƙa ƙarƙashin tebur na fizge waya, ashe ta lasifika ce. Muryar Pasto ta ɗauke, Janar yana nan daram. Sai a lokacin Pasto ya juya. Ya dubi bango, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya sake duba. Ni dai na miƙe na rungume bakin majigin da cikina, hoton ya koma kan farar rigata.

Babu wanda ya yi dariya, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Duk idanu sun koma kan kapitan. Shi kuwa bai motsa ba har aka tashi. A bakin ƙofa ya tambayi mai unguwa wane ne mai na'urar, aka nuna ni. Ya ce, "Gobe da safe ka same ni a biro. Ka zo da ordinatar ɗin."

Ranar ban iya cin abincin biki ba. Na yi tunanin kwale-kwale, na tuna ban iya ruwa ba. Rahila ba ta yi mini faɗa ba, ta dai ƙulla mini dambu a leda, ta naɗe bargo ta ajiye kusa da takalmina. Bargon nan ya fi kowace magana ta da mini hankali.

Da safe na fito sai na tarar da Pasto a ƙofar gida. Na durƙusa zan fara ba da haƙuri, ya ɗaga mini hannu.

"Tashi. Kai ka ɗinka rigar, amma ni aka gani a cikinta. Tare za mu je."

A biro, wato ofishinsa, kapitan ya sa na buɗe hoton. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Ka san da wani ya ɗauki wannan a waya ya watsa, kafin ya isa Yamai ya zama wani labari? Ba kai za a fara nema ba. Wannan dattijon za a ɗauka." Na dubi Pasto, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kapitan ya sa na goge hoton a gabansa, ya tambaya ko akwai wani. Na rantse babu (ɗan kokawar nan dai ban ambace shi ba).

Ya jingina da kujera ya ce, "Ni tun ina saurayi nake cikin kaki, tauraro ko ɗaya ban gani ba. Kai a wuni guda ka ba shi huɗu." Pasto ya yi tari, irin tarin da ake rufe dariya da shi.

Har na ɗauki jakata, sai kapitan ya jawo aljihun tebur ya fito da wani tsohon hoto, baƙi da fari, ruwa ya ci rabinsa. Wani manomi ne riƙe da hauya. Muryarsa ta sauka.

"Mahaifina ne. Hoton nan kaɗai ya rage mana. Tunda hannunka na ƙaiƙayi, za ka iya dawo mini da fuskarsa?"

Na ce zan iya, ranka ya daɗe. Ya ce, "Yadda yake. Kada ka ƙara masa ko maɓalli."

Ban taɓa yin aiki da natsuwa irin wannan ba. Da na kai masa, ya riƙe hoton da hannu biyu, ya gyaɗa kai ya sallame ni.

Pasto bai ƙwace majigin daga hannuna ba, bai kuma sake ta da zancen ba. Amma har yau in muka bi ta tasha tare, 'yan kabu-kabu sukan miƙe su ƙame su sara masa, shi kuma sai ya juyo ya dube ni kawai. Abin da na koya shi ne, wasan da ba za ka iya yi a gaban mutum ba, kada ka ba na'ura ajiyarsa. Aboki in ya ga baƙi zai rufa maka asiri. Ita ba ta da kara.