An Tafi da Rogona Gwaji

Jama'a, ku taya ni murna, yau jiniyar manya ta jefa ni kwata. Ina tafe da buhun kashin kaji a bayan keke, sai ga jerin motoci kamar an koro su. Na kife, buhu ya fashe a kaina. Da na miƙe na bi sawun tayoyinsu, ashe gonata suka nufa.

Gonar nan, tun da bututu ya fashe ɗanyen mai ya kwanta a cikinta, ko ciyawa ta daina leƙo mu. A lokacin Mai Girma Uban Alkawura ya zo, ya toshe hanci, ya ce za a wanke ƙasar tas. Har yau sabulun muke jira.

Da jira ya ishe mu, maƙwabciyata Mama Sorbari ta ji wata malamar jami'a a rediyo tana cewa a zuba kashin kaji da dusar katako, a riƙa juya ƙasa ta sha iska.

"Papa Dumle," Mama Sorbari ta ce da ni, "ko mu gwada, ko mu mutu muna sayen gari a kasuwa kamar baƙi."

Damina bayan damina muna juyawa. Matata ta daina barina shiga ɗaki sai na yi wanka a rafi, rafin da shi ma wankan yake nema. Bana kuwa rogo ya tashi, ganye kore shar. Ranar da na tono na farko, rawa na yi har ƙafata ta gurɗe.

To, shi ne yau na iske an kafa rumfa a kan kunyoyina, da allo mai cewa su suka farfaɗo da gonar. Mai Girma ya yanke ƙyalle, ya rungumi rogo aka ɗauke shi hoto. Ni ma an gode mini: wani mai baƙin tabarau ya ce in matsa, warina yana damun baƙi.

Mama Sorbari ta kutsa gaban Mai Girma. "Oga, abu ɗaya muke so. A auna mana rogon nan, jikokinmu za su iya ci, ko akwai sauran guba?"

Allah ya ja zamanin Mai Girma, nan take ya ba da umarni. Aka zaɓi manyan rogon, aka cika bayan mota, wai za a kai ɗakin gwaji.

Da la'asar direbansa ya dawo. Na tare shi da tambaya. "Ya sakamako?"

"Madam ɗin Oga ta ce ya daku sosai. A ƙaro, za a maimaita gwajin ranar Lahadi, akwai baƙi."

Mu dai mun hana jikoki taɓawa tukuna. Muna sa ido a kan cikin Mai Girma. In ya kai mako lafiya, sai mu ɗora tukunya.