Rasuwar Unguwar da Papa Sossou Ya Adana

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da ɗacin cin amana, Papa Sossou Hounkpatin, tsohon matuƙin kwalekwale a Kwatano, yake sanar da rasuwar fayil ɗinsa, wanda ya raɗa wa sunan marigayiya matarsa, Ablawa.

Mamacin bai kai nauyin ƙwayar gero ba, amma unguwa guda ce kwance a cikinsa, wadda teku ta cinye tun Papa yana da baƙin gashi. A wani wasan gine-gine na kwamfuta Papa ya sake tayar da ita gida-gida, har da rumfar da Ablawa take sayar da akasa, wato agidin masara. Mamacin mai biyayya ne. Da an taɓa shi sai ya ce "tilin", ya shimfiɗo ruwan da ba ya wuce iyakarsa.

Ajali ya zo da sallama. Wasan ne ya nemi izinin sabunta kansa, cikin ladabi. A gidan Hounkpatin kuwa ba a barin baƙo mai ladabi a tsaye, ruwa ma ake tarbarsa da shi a bakin ƙofa. Papa ya danna amincewa. Da aka gama, wasan ya dubi fayil ɗin da shi da kansa ya haifa, ya ce bai san wannan tsari ba.

"Papa, wa ya aike ka?" in ji 'yarsa Senami. "Kai duk abin da ya gaishe ka sai ka ba shi kujera?"

"Ke, rufe mini baki. Da shi muka gina rumfar uwarki. Ina zan san zai musanta ɗansa?"

Masu gyara sun duba, sun ce gawar lafiyarta ƙalau, ko ƙusa ba ta ɓata ba. Mai iya karanta ta ne babu, don tsohon wasan an janye shi daga duniya.

Mamacin ya rasu ya bar ɗan katin ajiya na kwamfuta da yake kwance a ciki, da madannin kwamfuta mai gogaggen baki, da dattijon da ya fara manta wace kusurwa rijiyar unguwar take.

Ranar Asabar da hantsi za a sa katin a kwalin ashana, a tuƙa shi cikin kwalekwale zuwa inda unguwar take a da. An gayyaci kowa, har da teku, domin ita dai gaba da gaba ta zo, ba ta yi wa kowa sallama ba. Wasan kada ya zo.