Ga Makulli, Ina Motar?

Ba zan taɓa mantawa da ranar kai amaryar Nura ba, ko na so in manta ma Sabi'u ba zai bari ba. Sabi'u taubashina ne, ɗan ƙanin mahaifiyata, kun kuwa san taubashi: al'ada ta ba shi damar ya ci maka fuska a bainar jama'a, kai kuma dole ka yi dariya.

Ni malamin makaranta ne a Ƙanƙara. A da ina da wata tsohuwar jar mota, amma da fetur ya yi tashin gwauron zabo sai na sayar wa wani direba da ke lodi a tashar Faskari, ana ce masa Ila. Kuma tsakani da Allah na huta. Babu bakanike, babu mai faci, babu dangi masu zuwa da sassafe, "Malam, ara mini in kai mai jego asibiti," su dawo maka da tanki a bushe. Makaranta da ƙafa nake zuwa, in da nisa in hau kabu-kabu. Abin da a da motar ke cinyewa na zuba shi a masara da kaka, har da 'yan tumaki biyu a bayan gida. Sai na koma mai wa'azi a majalisa. Duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya ji cewa mota ba dukiya ba ce, baki ce, kullum sai ta ci.

Ana nan, sai Sabi'u, da ke harkar hatsi a Daudawa, ya sayi mota. Ba irin tawa ba. Ruwan toka, baƙin gilashi, ga sanyi a ciki. Ya zo har ƙofar gidana ya danna oda. Na fito na zagaya ta, na ce, "Allah ya sa alheri, Allah ya tsare." Da baki ke nan. A zuci kuwa, wallahi ƙyashi ne ya cika ni. Ya zaga da matata Hadiza da yara cikin gari, ta dawo tana cewa, "Malam, cikinta fa kamar randa." Ranar ko tuwon kirki ban ci ba. (Na ce mata ba na jin daɗi ne. Ba ƙarya na yi ba, dalilin ne dai ban faɗa ba.)

Da bikin abokinmu Nura ya zo, za a ɗauko amarya daga Faskari zuwa Sabuwa, sai Sabi'u ya kira ni. "Bawana, in biyo in ɗauke ka, ko za ka ci gaba da tara mana dukiya a ƙafa?" Na ce masa ya riƙe abarsa, ni motar haya ta ishe ni. Haka na shiga gidan gaba mu biyu, giya na dukan gwiwata, wani bunsuru a but yana huci a ƙeyar mutanen baya, ni kuma ina tattare farar babbar rigata kada ta sha baƙin mai.

A hanya na sa hannu a aljihu zan biya kuɗin mota, sai na ji ƙarfe. Makullin tsohuwar motata ne, na biyun, wanda na rantse wa Ila ya ɓata. Ashe tun wata Sallah yake kwance a aljihun rigar. Na ce a raina in na ga Ila zan miƙa masa. Da niyyar alheri na sauka, Allah shi ne shaida.

Ina isa ƙofar gidan su amarya na tarar an kewaye Sabi'u. Maroƙi ya buɗe murya: "Ga Alhaji Sabi'u, mai motar da rana ba ta san cikinta ba!" (Mutumin da ko filin jirgi bai taɓa gani ba, amma mota ta ba shi Alhaji.) Ni kuwa da na ba Sabi'u shekaru, na yi boko har da satifiket, ko sannu maroƙin bai ce mini ba. Ban san lokacin da hannuna ya zaro makullin nan ba. Na sa shi a ɗan yatsa na fara juyawa, ina kallon sama, irin na mutumin da ya ajiye motarsa can nesa saboda ba ya son nuna arziki. Mutanen Faskari ba su san na sayar ba. Nan da nan aka ba ni kujera, har da ruwa mai sanyi.

To kun san halin hanyoyinmu yanzu, ba a kai amarya da dare. Ana idar da azahar aka fara haramar tafiya, don a isa Sabuwa da sauran rana. Kun kuma san ƙa'ida: motoci na abokan ango ne, mata kuwa duk wadda suka ga ƙofarta a buɗe tasu ce. Aka saka amarya da ƙawayenta a kujerar baya ta motar Sabi'u. Sai aka fito da Gwaggo Asabe, yayar uban amarya, wadda ita ce za ta damƙa ta a hannun dangin miji. In babu ita babu tafiya. Aka nuna mata motar Sabi'u, ta leƙa kai, ta ja da baya.

"A'a! Ni da ciwon ƙafa ku sa ni cikin wagga ƙanƙara? Ku kashe ni ku huta." Ta waiga, idonta ya sauka a kan ɗan yatsana. "Kai ɗan nan mai makulli, taka tana da sanyin?"

Jama'a, a nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Amma Sabi'u na tsaye yana kallona, ya ɗaga gira, bakinsa na motsi. Sai na ji kaina na ce, "Ko kaɗan, Gwaggo. Iskar Allah kawai."

"Madalla. Mu tahi."

Sabi'u bai tona ni ba. Ya dai ce, "Bawana, ashe an sake sabuwa babu labari? Allah ya tsare." Ya harɗe hannu yana murmushi.

Na yi gaba, Gwaggo da tsofaffi uku na biye da ni, da fanteka ta alkaki da ƙullin tabarmi. Dabara ta faɗo mini: tasha ba nisa, in Ila na nan sai in ja shi gefe in ɗauki shatar motar a asirce, in ce direbana ne. Gwaggo na ɗingishi tana mita, "Kai kau mi ya sa ka aje ta a bayan duniya?" Na ce saboda yara masu zane da ƙusa.

Allah da ikonsa, ga jar motar a gindin dalbejiya. Ila ne babu, wai bai dawo daga masallaci ba. Rana ta take, tsofaffi na haki. Gwaggo ta dafa ƙofa ta ce, "Buɗe mana mu zamna, ko sai mun faɗi?" Na duba dama, na duba hagu. Na zura makulli. Ƙofar nan da a zamanina sai an yi mata duka, ranar ta buɗe salin-alin. Suka shige, aka ɗora fanteka a cinya, Gwaggo ta kame a gidan gaba tana salati.

Ban gama ajiyar zuciya ba na ji ihu: "Ɓarawo! Ɓarawon mota! Ga shi nan zai gudu da motar Ila, har da fasinja!" Wani ɗan kamasho ne. Kafin in ce kwabo tasha ta yo kaina. Wani ya cakumi wuyan babbar rigata, hulata ta faɗi cikin kwata, mai rake ya taho da sandarsa. Ina ta "Ku tsaya, ni malami ne," wani ya ce ai duk haka suke cewa.

Sai ga Ila a guje, takalmi a hannu. Ya dube ni, ya ɗaga murya yadda har mai shayin tsallake zai ji: "Ku sake shi! Malam ne, shi ya sayar mini da ita. Ba shi da mota yanzu, amma ba ɓarawo ba ne!" Ban taɓa jin ceto mai ciwo irin wannan ba. Ya ƙara da cewa, "Amma Malam, ba ce mini ka yi ɗayan makullin ya ɓata ba?"

Daidai nan jerin motocin biki ya iso, sun gaji da jira sun biyo sawu. Motar ruwan toka ta tsaya a gabana, baƙin gilashi ya sauka a hankali. Sabi'u ya kifa kai a sitiyari yana dariya har oda na kuka. Ta bayansa ƙawayen amarya na leƙe, kuma na rantse har mayafin amaryar na ga yana rawa.

Gwaggo Asabe ce ta raba gardama. Ta leƙo ta taga ta ce, "Ni dai na riga na zamna, ba kuma ni tashi. Ko ta wa ce, a ja, rana na yi."

Haka na ɗauki shatar motar da na sayar, daga Faskari har Sabuwa, zuwa da dawowa, kuma Ila bai rage mini ko sisi ba, ya ce ladan tsoron da na ba shi ne. Kujeru sun cika, don haka ni aka raɓa a but da tabarmi, babu hula. A nan na yi tafiyar ina kallon baya, motar Sabi'u na biye da mu, yana ɗaga mini hannu a kowane gargada. Ɗaya daga cikin tumakin nan biyu ita ta biya kuɗin.

Har yau ban sayi mota ba, kuma har yau ina nan kan bakana, zama babu mota akwai sauƙi. Sai dai na daina wa'azi a majalisa, don da na buɗe baki wani zai ce, "Faɗa mana, Mai Makulli." Rashin mota bai taɓa ci mini tunkiya ba. Kallon motar Sabi'u ne ya ci ta. Yanzu in ya kira ya ce, "Bawana, in biyo?" sai in ce, "Biyo, amma ka rage sanyin." In shiga gidan gaba in miƙe ƙafa, shi ya sayi man.