Rasuwar Gajere, Jak Ɗin Gidanmu

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da ya hana ni zama wuri ɗaya, ni Babaji Gwadabe, akawu a ofishin gona, mazaunin Ƙofar Kwaya cikin birnin Katsina, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk wanda ya taɓa zuwa aro, rasuwar jak ɗin ɗaga mota na gidanmu, wanda unguwa ta sani da suna Gajere. Ya rasu ranar Talatar da ta wuce da hantsi, a ɗakin mahaifiyata, yana bakin aiki.

Marigayin ya shigo gidan nan shekarar Udoji, lokacin da ariyas na ƙarin albashi ya sauka, kowane ma'aikaci ya wayi gari da abin hawa. Ni ma na sayi Basfa, daga baya na ƙara da tsohuwar Fijo. Ba a jima ba na ga rabin rayuwata tana ƙarewa a kan bencin makanikai, sai na ce gara in riƙa gyaran abina a ƙofar gida. Abin ɗagawa ne kawai babu.

Zaɓen bai zo da sauƙi ba. A kantin kayan mota an jera mini iri uku. Akwai mai kama da almakashi, wanda ake murɗawa, ba shi da nauyi, amma ina taɓa shi da ƙafa ya yi rawa. Akwai mai kama da kwalba, ƙaƙƙarfa ne, sai dai tsayinsa ba ya shiga ƙarƙashin Basfa, ga gindinsa ɗan tsito, ƙofar gidanmu kuwa yashi ce. Na ukun ja ne, yana kwance a kan ƙananan tayoyin ƙarfe, mai faɗin ƙirji da doguwar sanda. Na yi ta zarya tsakanin kantin da gida, ina auna ƙarƙashin mota da igiya, har mai kanti ya daina tashi idan ya hango ni. Matata Furera ta ce ko lokacin neman aurenta ban yi sintiri irin wannan ba. A ƙarshe na sa aka gwada shi da motar mai kantin. Ya ce ƙi, ƙi, ƙi, mota ta tashi kamar ba komai. Na ce shi nake so.

Duk wanda ya zauna da shi zai ba da shaida. Bai taɓa tambayar kayan wane ne ba. Ya ɗaga Basfa, ya ɗaga Fijo, ya ɗaga akori-kurar Alhajin da ke bayan layinmu, ya ɗaga injin niƙan maƙwabciyarmu Asabe ranar da aka sake masa mazauni. Abincinsa ɗan mai ne, shi ma sai an tuna. An sha aron sa da safe a dawo da shi bayan mako cikin taɓo, bai yi ƙorafi ba, ni ne mai yi. Idan ya sauke kaya yakan yi ajiyar zuciya guda, fsss, ya koma lungunsa a zaure.

Ciwon ya fara ne bara. Da fari ɗigon mai muke gani a inda ya kwana. Daga baya ya zama idan ya ɗaga kaya sai ya riƙa sauke shi a hankali, kamar mai jin kunyar ya ce ya gaji. Na kai shi wurin Mati makanike, ya buɗe ya ce robar ciki ce ta cinye, sababbi kuma an ce suna cikin jiragen ruwa a Ikko, suna jiran layi bayan siminti. Ya yanka wata daga fata ya sa masa. Ya ɗan ji sauƙi. Abokan aikina a ofis suka yi ta yi mini dariya, wai a zamanin nan wa yake gyaran abu, jefarwa ake yi a sayi sabo. Na je na duba sababbin, suna ta ƙyalli, na dawo hannu biyu.

Ga yadda ajali ya zo. Ruwan Agustan nan da aka yi ta yi ba ƙaƙƙautawa ya jiƙa rufin ɗakin mahaifiyata, Hajiya Baraka, wadda muke kira Inna. Tsohon soro ne na azara da ƙasa, ita kuma ƙafafunta sun daina ɗaukar ta. Furera ta kai mata koko, sai ta ga ƙasa tana zuba kan gado. Ta ɗaga kai, babbar azarar tsakiya ta tsage ta lanƙwaso. Ihunta ya sa na shigo a guje, maƙwabcina Shehu tela yana biye da ni. Muka jawo Gajere tsakiyar ɗaki, muka kafa masa guntun giginya a ka, muka tokare azarar. Shehu ya kama sanda yana dannawa. Ƙi, ƙi, ƙi. Rufin ya ɗan koma sama. Amma da Shehu ya tsaya ya huta, sai rufin ya fara biyo shi, don haka bai sake tsayawa ba, mai yana malala tsakanin ƙafafunsa.

Na sunkuya zan ɗauki Inna, ta ture hannuna. A ƙarƙashin gadonta akwai akwatin ƙarfe, ciki da likkafanin da ta zo da shi daga Makka da Alƙur'anin mahaifina. Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana.

"Kai wannan, fidda akwatin tukuna. Ni ina nan."

Na roƙe ta, Furera ta roƙe ta tana kuka, ko kallonmu ba ta yi ba. Na ga musun zai fi jan akwatin cin lokaci, na jawo shi har tsakar gida, na dawo na goya ta. Ƙasa tana zubo mana a wuya muka fita. Saura Shehu. Na tsaya bakin ƙofa ina kiran sa, ya ce ba tare da ya ɗago ba, "In na sake shi, sauka za shi yi." Na ce ya saki. Ya ƙara danna sandar iya ƙarfinsa, ya yi tsalle.

Gajere ya riƙe ɗakin nan shi kaɗai, ba mai danna shi, har Shehu ya tsallake dokin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa. Sannan muka ji wata ƙara doguwa wadda bai taɓa yin irinta ba, rufin ya rufta.

Da yamma muka tono Gajere. Hannunsa ya karye, cikinsa ya fashe, babu sauran mai ko ɗigo. Mati ya zo ya duba, ya mayar da sifana aljihu, ya ce in yi haƙuri.

Tun ranar ban samu natsuwa ba. In na zauna a zaure sai in tashi, in na shiga gida sai in fito. A ofis an ce takarda ɗaya nake ta juyawa. Na koma kantin, na ɗaga wannan na ajiye, na girgiza wancan. Duk wanda aka nuna mini sai in tambaya ko zai iya riƙe ɗaki. Mai kanti ya ce, Malam, jak na mota ne, ba ginshiƙi ba. Na san gaskiyarsa ce, amma na kasa ɗaukar ko ɗaya.

Marigayin ya bar Basfa guda, da Fijo wadda yanzu take tsaye kan bulo tana jiran magaji. Ya bar sandarsa, wadda ta fita lafiya, da rabin galan na mai da ba shi da sauran mai sha. Ya bar Shehu tela a kan kekensa na ɗinki, matarsa Rabi ba ta shiga takaba ba. Ya bar Inna da ranta, a ɗakin Furera, tana faɗan an ƙi sa wa miyarta daddawa.

Game da jana'iza, limamin unguwa ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, ban kuma yi musu ba. Masu sayen tsofaffin ƙarafa su daina aike, ba na sayarwa ba ne. Ranar Asabar bayan la'asar za a fitar da shi daga zaure zuwa maƙera, inda za a sare ƙarfensa a yi fartanya da gatari don gonarmu ta Batagarawa. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gida, akwai goro da ruwan sanyi.

Da niyyata in ɗaura masa igiya in ja shi kan tayoyinsa, tunda su ba su mutu ba. Inna ta ji, ta aiko Furera da sabon zanenta a rufe shi, ta ce kada wanda ya kuskura ya ja shi a ƙasa. Saboda haka ana neman maza huɗu masu ƙarfin kafaɗa. Shehu ya riga ya kama gaba.